Damuwar Matasanmu Da Wayar Da Ke Hannunsu

(Wannan jawabi ne da wata 'yarmu, haifaffiyar Sabo, ta gabatar a taron ƙungiya da aka yi a nan Badun. Mun buga shi yadda ta faɗe shi, in ban da ɗan abin da muka rage saboda ƙarancin fili. Edita.)

 

Mai martaba Sarkin Hausawa, Allah ya ja zamaninka. Malamanmu, Allah ya gafarta muku. Shugaban ƙungiya da 'yan majalisarsa, iyayenmu maza, iyayenmu mata da ke can baya, yayyena da ƙannena, ina yi wa kowa barka da war haka.

Ni ba ma'abociyar tsayawa gaban manya ba ce, saboda haka in harshena ya zame a yi mini afuwa. Da Shugaba ya aiko cewa in zo in yi bayanin aikina, da fari na so in ba da haƙuri. Innata ce ta ce a'a, je ki, gara su ji daga bakinki. Domin kuwa maganganu sun yi yawa. An ce ina bin lungu-lungu ina rubuta sunayen yaran Hausawa ina kai wa gwamnati. An ce 'yan NDLEA nake yi wa aiki. Wata baiwar Allah ma ta tare Inna a gidan suna ta yi mata jaje, wai 'yarta ta zama likitar mahaukata. To, ni ba likita ba ce, kuma yaran da na yi aiki da su ba mahaukata ba ne. 'Ya'yanku ne da barorinku da baƙinku. Wasunsu ma suna zaune a cikin wannan rumfa, ba kuwa zan dubi inda suke ba.

Sunan aikina mataimakiyar masu bincike. Wasu malaman jami'a da likitoci ne suka so su gano ko za a iya taimakon matashin da damuwa ta dame shi ta hanyar wayar salula, ba sai ya je ya yi layi a asibiti ba. Sun tsara abinsu da Turanci da Yarbanci. Da aka zo kan 'yan Arewa da ke Sabo da Shasha da Ojo da Bodija da kara, sai suka ga ba su da mai shiga musu. Aka nemi mai jin Hausa da Yarbanci da Turanci, wadda za ta iya shiga gidan kulle ba a kore ta ba. Haka na samu kaina a ciki.

Bincike ba baƙon abu ba ne a unguwar nan. Dattawa suna iya tuna wani Bature mai suna Abner Cohen da ya zauna tare da kakanninmu a 1962 zuwa 1963, yana tambayar harkar goro da shanu da yadda maigida ke saukar da baƙo. A 1969 ya fitar da littafi a kan Sabo, har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya. Amma nawa ne a cikinmu suka taɓa ganin littafin? Wannan shi ne ƙorafin farko da mutanenmu ke yi, a zo a tambaye ka, a tafi, ba ka sake jin ɗuriyar maganar ba. Na biyu ya fi zafi. A 1996, lokacin annobar sanƙarau a Kano, kamfanin Pfizer ya gwada wani magani mai suna Trovan a cikin wani gwaji da ya haɗa yara wajen 200. Yara 11 suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba, aka yi ta shari'a har zuwa 2009 da aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Duk gidan da na shiga mai dattijo, sai an tuna mini da wannan. Ban taɓa ganin laifin mai tunawa ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

Shi ya sa rabin aikina neman izini ne. Ƙa'ida ce, ba a fara irin wannan aiki sai wani kwamiti mai kula da haƙƙin waɗanda ake bincike a kansu ya duba ya amince. Bayan nan kowane yaro sai na karanta masa takarda da Hausa: ga abin da za a yi, ga tsawon lokacin, ba allura, ba jini, ba ƙwaya, kuma ranar da ka ga dama ka ce ka fasa, ba mai tambayarka dalili. Wanda bai kai shekara 18 ba sai uba ko uwa ko waliyyi ya yarda. A nan fa muka sha wuya. Yaro ɗan shekara 16 ya zo ci-rani daga Jigawa ko Katsina ko Maraɗi, uban yana can gona, wa zai sa hannu? Maigidan da yake yi wa dako? Ai wani lokaci shi maigidan ne ciwon. Yara da yawa haka muka bar su a waje, alhali kuwa su ne suka fi bukata. Har yau abin yana ci mini rai.

Bari in koma baya kaɗan, don na ga Baba Alhaji yana girgiza kai, kamar yana cewa wace irin damuwa yaro ke da ita, shi da ba ya ciyar da kowa. Baba, Allah ya ƙara girma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa cikin kowane yara bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19, ɗaya yana fama da wata larura ta tunani ko ƙwaƙwalwa, kuma wajen rabin irin waɗannan larurori suna somawa ne kafin mutum ya wuce shekara 14. Ba wanda ya tuɓe yake bin bola kaɗai ake nufi ba. Akwai wanda barci ya ƙaurace wa. Akwai wadda gabanta ke faɗuwa ba gaira ba dalili. Akwai wanda abinci ya fita ransa, ya daina wanka, ya daina zuwa majalisa, a ce ai miskilanci ne ko lalaci.

Mu dubi abin da yaranmu suka gani a 'yan shekarun nan. A watan Fabrairu na 2021 rikici ya tashi a kasuwar Shasha, aka yi asarar rayuka, aka ƙone rumfuna da gidaje. An yi sulhu, alhamdu lillahi, amma akwai yaron da har na sadu da shi in ya ji ƙaurin taya sai jikinsa ya ɗauki ɓari. A watan Yuni na 2022 gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a wasu ƙananan hukumomi, aka kama babura aka murƙushe, samari da yawa suka kwararo nan, wasu da bashin babur ɗin da babu shi. Farkon 2023 aka yi wahalar takardun Naira, ranar 29 ga Mayu na shekarar aka cire tallafin mai. Can gida kuma 'yan bindiga sun hana noma a wurare da yawa na Zamfara da Katsina da Sakkwato. Da, ɗan ci-rani in Kurmi ta yi masa zafi sai ya koma gida. Yanzu wani ba shi da gidan komawa, kuma kullum wayarsa tana ƙara, ana cewa aiko da na cefane, ko a haɗa kuɗin fansa. Yaro ne fa, gemu bai gama fito masa ba.

Ita kanta wayar tana kawo nata. Ga cacar ƙwallo. Ga masu ba da rance ta waya, waɗanda in ka makara kwana biyu sai su aika wa duk wanda ke cikin wayarka cewa kai ɓarawo ne, har da surukinka. Ga TikTok, inda yaro ke kwana yana kallon sa'o'insa cikin manyan motoci. Sai ya nemi abin da zai kashe masa tunani. Binciken da Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi tare da gwamnati a 2018 ya nuna mutum miliyan 14 da dubu 300 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya ko wiwi ko makamantansu a cikin shekara guda. A wannan shekarar aka hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi, bayan rahoton da BBC ta yi. Ba na kare mai shaye-shaye. Amma sau da yawa in ka tona ƙarƙashin tiramol, rashin barci da fargaba za ka tarar, sun riga ƙwayar zuwa.

To wa zai duba su? Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan 'yan ɗaruruwa ne kawai, ga mutane fiye da miliyan 200, wasu kuma kullum suna ficewa Ingila da Kanada da Saudiyya. Mu a nan mun ma yi sa'a, ga babban asibitin koyarwa a kusa da mu, ga Aro a Abekuta, ga Yaba a Ikko. Amma wane ɗan ga-ruwa ne zai ajiye kurarsa wuni guda ya je ya yi wa likita bayanin zuciyarsa da Yarbancin da bai wuce na ciniki ba? Daga nan tunanin waya ya fito. Tunda tana aljihunsa dare da rana, a bi ta nan a same shi.

Ga yadda abin yake. Da farko akwai wasu tambayoyi guda 9 da ake amfani da su a duniya, ana kiransu PHQ-9. Ana tambayar mutum yadda ya kasance a mako biyun da suka wuce: barcinsa, cin abincinsa, ƙarfin jikinsa, ko yana jin daɗin abin da ya saba jin daɗinsa, ko yana ganin kansa ba shi da amfani, har zuwa ta ƙarshe, ko ya taɓa jin gara ma babu shi. Kowace amsa da makinta, jimla daga 0 zuwa 27. Ba ita ce ke yanke cewa mutum yana da ciwo ba, wannan aikin likita ne. Ita kamar rariya ce, tana nuna wanda ya kamata a ƙara dubawa.

Mayar da tambayoyin nan bakin yaranmu, kai, nan na san Hausa ba dabo ba ce. Wani ya fassara daga Turanci, wani dabam da bai ga na asalin ba ya mayar da fassarar Turanci, a gwama a ga ko ma'ana ta zube a hanya. Duk da haka da muka fita da ita sai ta ƙi ci. Ka ce wa yaro kana da damuwa, sai ya ce a'a alhamdu lillahi, domin a wurinsa amsa e kamar butulci ne ga Allah. Ka ce taɓin hankali, ya tashi ya ba ka wuri. Amma ka ce tunani yana yi maka yawa? Sai ya yi shiru, ya ce wallahi Yaya kamar kin sani. Wani ya ce kansa ne ke zafi daga tsakiya. Wata ta ce wani abu ne ke yi mata yawo a jiki. Wani ya ce ƙirjinsa kamar an ɗora dutsen niƙa. Maƙwabtanmu Yarbawa ma haka suke cewa, ironu, wato tunani. Can Zimbabuwe kalmarsu ita ma yawan tunani take nufi, kuma a kanta wani likita mai suna Dixon Chibanda ya kafa abin da ya kira bencin abota, inda aka koya wa tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibiti su saurari mai damuwa, su taimake shi ya warware matsalarsa ɗaya bayan ɗaya. An gwada, sakamakon ya fito a 2016, ya nuna abin yana aiki. Iyayenmu mata, kun ji fa, kakanni ne irinku, ba masu digiri ba.

Sai kuma maganar karatu. Yaron da aka haifa a Sabo yana jin Hausa, amma a makaranta Turanci da Yarbanci ya koyi karantawa, in ka rubuta masa Hausar boko sai ya yi ta tuntuɓe. Wanda ya zo daga gida wataƙila ajami ya iya, wataƙila ba ko ɗaya. Waɗanda suka tsara abin sun zaci kowa yana da babbar waya da data da wutar caji. Na ce musu rabin mutanena 'yar ƙaramar waya ce mai tocila, ita ma tana wurin mai caji. Sai aka karkata ga saƙon murya da kira. Na zauna na ɗauki muryata, wani abokin aikina namiji ya ɗauki tasa, saboda saurayi ba zai so a ji muryar mace tana fita daga wayarsa cikin dare a ɗakin da mutum takwas ke kwana ba.

Me ake koya musu? Ba wani siddabaru ba ne. Yadda mutum zai ja numfashi a hankali ya sake shi a hankali in ƙirji ya ɗaure. Yadda zai ware matsalolinsa, wannan ina da iko a kanta, wannan sai dai addu'a, ya ɗauki ƙarama guda ɗaya ya yi mata dabara a makon nan. Yadda zai tilasta wa kansa komawa ga abin da ya bari, ko da zuwa jam'in asuba ne ko buga ƙwallo da yamma, domin mai damuwa in ya kwanta jiran ranar da zai ji daɗi kafin ya tashi, ranar ba ta zuwa. Sai kuma ya nemi mutum ɗaya da zai iya gaya wa cikinsa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana da irin wannan tsari na waya mai darasi 5, an gwada shi a Labanan har da 'yan gudun hijirar Siriya, kuma a can ma ba a bar mutum shi da waya kaɗai ba, akwai mai kiransa kamar minti 15 kowane mako. Nawa aikin ke nan. In kira, in ji ko ka saurara, ina ka maƙale, in rubuta. Duk mako mu zauna da shugabarmu, wadda ita ce ƙwararriyar, ta bi abin da muka yi. Ba na rubuta magani, ba na ce wa kowa ga ciwonka.

Wani abu da ya jawo mini baƙin jini shi ne rabon da ake yi gida biyu. Wasu a fara da su, wasu a ba su bayani na gama-gari su jira, don a gwama a ga ko tsarin ne ya yi aiki ko kuwa dama sauƙin yana tafe. Kwamfuta ce ke jefa ƙuri'ar, ni kaina ba na sanin inda mutum zai faɗa. Amma aka ce na zaɓi 'yan layinmu. Haka ɗan kuɗin kati da ake bayarwa, wasu suka ɗauka albashi ne, har wani uba ya kawo mini 'ya'yansa uku ya ce duk suna da tunani.

Sirri kuwa, a saurare ni da kyau. Ba a rubuta sunan yaro tare da amsarsa, lamba ake ba shi. Takardar da ta haɗa suna da lamba tana kulle a wani wuri dabam. A watan Yuni na 2023 an sa hannu a dokar kare bayanan mutane, wanda ya fallasa irin wannan hukunci yana hawa kansa. Ban taɓa ba ɗan sanda ko NDLEA ko mai unguwa sunan kowa ba, ba kuwa wanda ya isa ya sa ni. Iyaye biyu sun tare ni a kan in gaya musu abin da 'ya'yansu suka ce, na ba su haƙuri, ɗaya har yau ba ya amsa gaisuwata. Wuri ɗaya ne kawai ake buɗe sirri, kuma tun ranar farko ake gaya wa yaro: in ransa ko na wani yana cikin haɗari.

Hakan ta faru. Zan ba da labarin da yardar mai shi, na kuma sauya abubuwan da za a gane shi da su. Saurayi ne cikin waɗanda suka baro Ikko. Makonni yana amsa mini da lafiya lau, lafiya lau. Wani dare wajen ƙarfe biyu sai ga saƙon muryarsa, yana yi mini godiya, yana cewa in yafe masa, in gaya wa wane ya riƙe katifarsa. Jikina ya yi sanyi, domin an koya mana cewa mai rabon kayansa da neman gafara ba dalili, ba a jira da shi sai gobe. Na kira shi. Na tambaye shi kai tsaye, wane, kana tunanin kashe kanka ne? Jama'a suna tsoron wannan tambaya, suna ganin kamar za a sa wa mutum abin a rai. Ba haka ba ne, masana sun tabbatar tambayar ba ta sa wa, sau da yawa ma sauƙi take kawowa. Ya yi shiru, sai ya fashe da kuka. Na riƙe shi a waya, da ɗaya wayar na tayar da shugabarmu. Na ce masa wa ka yarda da shi a nan kusa? Bai ce liman ba, bai ce maigidansa ba. Ya ce mai shayin bakin layinsu. Wannan bawan Allah ya rufe teburinsa, ya je ya zauna da shi har asuba, da gari ya waye ya raka shi asibiti. Yau yaron yana sana'arsa. Ni abin da na yi riƙe waya ne. Mai shayi ne ya yi zaman.

Akwai kuma inda na yi kuskure, zan faɗa don kada a ce na zo talla. Wata ƙanwarmu, amarya, an kawo ta daga gida, ba ta san kowa a garin nan ba, ba ta jin Yarbanci, wuni take ita kaɗai a ɗaki. Ta ce mini wayar tata ce. Ban bincika ba, ashe da dare maigidan ke riƙewa. Na aika saƙo, shi ya buɗe. Ba wani abin kunya a ciki, darasin numfashi ne, amma ya ji an ambaci damuwa, ya ce wato ta je tana gaya wa duniya ba ya riƙe ta da kyau. Kashegari ta kira ta ce Yaya a cire ni. Na cire ta, haka ƙa'ida ta ce. Daga ranar muka sauya tsari, sai an tambayi wa ke taɓa wayar, wane lokaci za a kira, a kuma yi wa miji bayani tun farko in matar ta yarda. Amma ita an riga an rasa ta. Maza, don Allah, matarka ta ce tunani yana damunta ba zagi ba ne a gare ka. Yarinyar da ta tashi a gida mai mutum ashirin aka kawo ta ɗaki ɗaya a Kurmi, ko zinariya kake ba ta sai kewa ta kama ta.

Malamanmu, Allah ya gafarta muku, an ce wai muna hana mutane addu'a da ruƙiyya. Wallahi ban taɓa ba. Ku kuka koya mana akwai shekarar da ake kira shekarar baƙin ciki a tarihin Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, lokacin da ya rasa Nana Khadija da baffansa Abu Ɗalib. Ashe baƙin ciki ba rashin imani ba ne. Kuma haɗa hannu da masu magani na gargajiya ba yau aka fara ba. A 1954 Farfesa Adeoye Lambo ya fara wani tsari a Aro, inda ake saukar da marar lafiya da ɗan'uwansa a gidajen mutanen ƙauye, da rana ya je asibiti, kuma ya yi aiki tare da masu maganin gargajiya. Da na karanta sai na ce yo ai wannan tsarin maigida da baƙo ne irin na Sabo. A 2020 ma Farfesa Oye Gureje na jami'ar nan da abokan aikinsa sun buga sakamakon wani gwaji da suka yi a Badun da Kumasi, inda ma'aikatan asibiti suka haɗa kai da masu maganin gargajiya da na addini, marasa lafiya suka fi samun sauƙi. Abin da ba za a yarda da shi ba shi ne mari da duka. Mun ga ɗaruruwan da aka fitar daga wani gida a Rigasa ta Kaduna a watan Satumba na 2019, bayan wata biyu kuma aka fitar da mutum 259 daga wani a nan Ojo. Yawancinsu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, don ba su san inda za su nufa ba. A watan Janairu na 2023 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar ta 1958 da aka gada daga Turawa, ta kuma ba mai wannan larura haƙƙinsa na ɗan'adam.

Ƙannena samari da 'yan mata, na san wasunku suna kai kukansu wurin ChatGPT da makamantansa cikin dare. Ban ce haramun ne ba. Amma ku sani yana iya kuskure, bai san layinku ba, kuma ba zai rufe tebur ya zo ya zauna da kai ba. Haka masu tallar maganin damuwa a Facebook da WhatsApp, a kiyaye su.

Yanzu ga abin da ya fi kawo ni. Aikin da na yi na wa'adi ne. Kuɗin da aka ba masu binciken ya ƙare, an rufe layin, an karɓi wayar aiki. Ni ma kwantiragina ya ƙare tare da shi. Amma yaran ba su san wa'adi ba, sun nemo lambata ta gida, suna kira. Ina ɗauka, amma yanzu ba ni da ƙwararriya a bayana, kuma wannan haɗari ne gare su da ni. Na gaya wa shugabanninmu a fili cewa ba daidai ba ne a buɗe wa yaro baki sannan a kashe waya. Sun karɓi maganar. Na kuma roƙe su kada su yi mana irin ta da, in sakamako ya fito su zo nan rumfar nan su faɗe shi da Hausa. Na fi so takardar neman hakan ta fito daga ƙungiya, da sa hannun Sarki, ta fi bakina nauyi.

Ranka ya daɗe, roƙona na biyu ɗaki ne. Ɗakin nan na bayan ofishin ƙungiya da ake ajiye kujeru, a ba mu shi yammacin Asabar, a sa labule, kada kowa ya zauna a ƙofar yana ƙirga masu shiga. A zaɓo mana mutum shida masu riƙe sirri, uku maza uku mata, a sa malami ɗaya a ciki, a sa ɗaya daga shugabannin 'yan acaɓa, kuma in da hali a sa mai shayi. Akwai horon da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara don waɗanda ba likitoci ba, tsohuwar shugabata ta ce za ta zo ta koyar, ta kuma riƙa duba mu sau ɗaya a wata, in ƙungiya za ta ɗauki kuɗin motarta da katin waya guda. Sai kuma a duba maganar yaran ci-rani da ba su da waliyyi a nan, a tsayar da wanda zai riƙa tsaya musu in an je asibiti. Na ba Sakatare lissafin abin da za a kashe a rubuce, yana iya karantawa in an zo kan kuɗi.

Na ga Ladan ya miƙe, a nan zan dakata. Mai tambayar da ba ya so a ji, ya same ni bayan salla, ko ya aiko ta hannun Inna.